Za a ƙone ƙarin hantar mahaifina da allura: magani ne ko rarrashi?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 67. Bara aka gano yana da ciwon daji a hanta, suka ce daga hanyoyin ruwan matsarmama na cikin hantar ya taso. Muka kai shi Alkahira aka yanke ɓangaren hagu na hantar, ya sha ƙwayoyin kemo na wata shida, ya murmure har ya koma kasuwa. To a hoton da aka yi masa kwanan nan an ga sabon ƙari guda ɗaya a ɓangaren dama, girmansa sentimita 2.3. Likitan da ya yi masa aiki ya ce wannan karon ba zai yanka ba, za a soka allura ta fata a ƙone ƙarin. Yanzu gida ya rabu biyu. Yayyena suna ganin rarrashi ne kawai da neman kuɗi tunda abin ya gagara. Kawunmu kuma ya ce daji ba ya son ƙarfe, taɓa shi da aka yi ne ma ya sa ya dawo. Don Allah mene ne gaskiyar wannan aiki, kuma ya dace mu yarda? Daga wata 'yar uwa a Katsina.

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri kan ɗawainiya.

Bari in fara da abin da kika fi son ji. Aikin nan ba rarrashi ba ne. Magani ne sananne wanda ake yi a manyan asibitocin duniya, likitoci suna ce masa abileshan, kuma irin halin da kika bayyana, wato ƙari guda ɗaya, ƙasa da sentimita 3, wanda ya dawo bayan tiyata, shi ne inda aikin ya fi amfani a wannan cuta. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu ko uku da ban gani a wasiƙarki ba, kuma su ne za su yanke hukunci. Zan zo kansu. Ban ga hotunan Baba ba, saboda haka abin da zan faɗa haske ne da za ki shiga da shi ɗakin likitansa, ba madadin likitan ba.

Hanta tana yin ruwan matsarmama, ta turo shi ta ƙananan hanyoyi da suka ratsa cikinta, su haɗu su zama manya, su fita ta ƙofar hantar zuwa hanji. Dajin da ya taso daga fatar cikin waɗannan hanyoyi shi ake kira kolanjiyokasinoma. Wanda ya tsiro can cikin naman hanta, irin na Baba, shi ne na biyu a yawa cikin dajin da asalinsa hanta ne, kimanin 10 zuwa 15 cikin 100. Na ɗaya shi ne na ƙwayoyin hantar kanta, wanda muka fi gani a nan ƙasar saboda yawan ciwon hanta nau'in B da kuma gubar fumfunar gyaɗa da masara. Na kawo wannan bambanci ne don halinsu ba ɗaya ba ne. Na ƙwayoyin hanta sau da yawa yakan zauna a dunƙule da ɗan kwanso a jikinsa. Na hanyoyin matsarmama kuwa tauri gare shi, ba shi da kwanso, yana sa ƙafa cikin naman da ke kewaye da shi, yana bin jijiyoyi, kuma yana saurin zuwa kaluluwar da ke ƙofar hanta. Shi ya sa ko bayan tiyata mai kyau yakan dawo wa fiye da rabin marasa lafiya, galibi cikin shekara biyun farko, kuma galibi a cikin hantar da ta rage.

Wannan ya kawo mu ga maganar Kawu. Ki gaya masa cikin ladabi cewa ba wuƙar likita ce ta dawo da ciwon ba. Ƙwayoyin da suka zama wannan sabon ƙari suna nan tun kafin a yi aikin, sun yi ƙanƙantar da babu na'urar da za ta gan su. Ƙwayoyin kemon da Baba ya sha, waɗanda nake kyautata zaton kafesitabin ne, don su aka ba shi, kuma suna rage haɗarin dawowar ne, ba sa kawar da shi. Na san inda maganar ta samo tushe: mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya riga ya ci jiki, a taɓa, mutum ya rasu bayan 'yan watanni, sai a ɗora wa ƙarfe. Akwai ɗan abin da ya yi kama da tsoronsa, ba zan ɓoye ba. Allura tana iya jawo ƙwayar daji ta bar ta a kan hanyarta ta fita. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma saboda shi ne mai aikin yake barin allurar da zafinta yayin zare ta, don ta ƙone hanyar da ta bi.

Yadda ake aikin kuwa, mara lafiya zai kwanta, a ba shi maganin barci, ko mai nauyi ko wanda zai sa shi gyangyaɗi tare da kashe wurin. Likita yana kallon hantar ta na'urar sikanin ko ta CT, ya soka wata siririyar allura mai tsawo ta tsakanin haƙarƙari ko ta ƙarƙashinsa, ya kai bakinta tsakiyar ƙarin. Sai a kunna na'ura. Naman jiki idan zafinsa ya wuce digiri 60 nan take yake mutuwa. Ba a fitar da mataccen naman. A nan yake zama, jiki ya riƙa shanye shi a hankali ya bar tabo. Raunin da ke fata bai kai a yi masa ɗinki ba. Yawancin mutane kwana ɗaya ko biyu suke yi a asibiti. Kada a haɗa shi da gashin da ake yi wa masu daji da haske daga waje; wannan daban, wancan daban.

Hanyoyin kawo zafin biyu ne suka fi yawa. Ta farko, wadda ake taƙaita sunanta da RFA, wutar lantarki ce mai saurin kaiwa da komowa take fita daga bakin allurar, ta ratsa jiki ta koma ta wasu faifai da ake manna wa a cinya. An daɗe ana amfani da ita a hanta tun shekarun 1990. Ta biyu ita ce maikirowef, irin igiyar da tandun ɗumama abinci yake aiki da ita, tana girgiza ruwan da ke cikin nama har ya yi zafi. Ta fi sauri, minti biyar zuwa goma kan isa, ta fi zafi, kuma tana ƙone fili mafi faɗi. A ganina, ga ƙari mai tauri irin wannan, idan asibiti yana da duka biyun maikirowef zan zaɓa. Amma gara RFA a hannun wanda ya ƙware da maikirowef a hannun ɗan koyo.

To me ya sa ake ta nanata sentimita 3? A nan ne zancen yake, kuma ina so ki fahimce shi sosai don shi ne zai sa ku daina jan ƙafa. Ba ƙarin kaɗai ake ƙonewa ba. Tunda ciwon yana sa ƙafa a kewayensa, dole a haɗa da lafiyayyen nama ta kowane gefe, aƙalla rabin sentimita, kuma a wannan cuta an fi son sentimita guda cif. Ƙarin Baba 2.3 ne. Ki ƙara ɗaya ta nan, ɗaya ta can, ya zama ana bukatar dunƙulen ƙuna mai faɗin sentimita 4.3. Na'urorin yanzu suna iya wannan da allura ɗaya ko biyu. Idan aka bari ya kai sentimita 5, ana bukatar ƙuna mai faɗin 7, kuma naman da ke cikin dunƙule mai faɗin 7 ya ninka na 4.3 fiye da sau huɗu. Sai an yi ta soke-soke ana jera ƙuna kan ƙuna, kuma a tsakaninsu ne ake barin wani lungu da rai, daga nan ciwon ya sake tohowa. Tsakanin 3 da 5 ana yi, amma nasara tana raguwa. Sama da 5 kuwa, da wuya likita mai gaskiya ya ce miki ƙuna kaɗai za ta wadatar. Wannan daji ba ya jiran taron dangi. Wata biyu ko uku da za a ɓata ana muhawara, ko ana gwada sassaƙe, suna iya fitar da Baba daga sahun waɗanda aikin zai amfana.

Girma ba shi kaɗai ba ne, akwai mazauni. Idan ƙarin ya jingina da babbar jijiyar jini, jinin da ke gudu a cikinta yana kwashe zafin, kamar mai son tafasa tukunya wani yana ta tuttula mata ruwan sanyi. Gefen da ke manne da jijiyar sai ya ƙi ƙonewa. RFA ta fi fama da wannan, maikirowef da sauƙi. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ƙarin da ke kusa da manyan hanyoyin matsarmama na ƙofar hanta. Jijiyar jini tana da abin da ke sanyaya ta, hanyar matsarmama ba ta da shi. Idan ta ƙone takan tsuke ko ta huje, ruwan ya taru, ciwon shawara ya biyo baya, kuma gyaran yana da wuya. Ƙarin da ke cikin sentimita ɗaya daga waɗannan manyan hanyoyi, yawancinmu ba ma kai masa zafi. Wanda ke gefen hanta kusa da hanji, ko tumbi, ko tantanin da ya raba ƙirji da ciki, shi da dabara: ana ɗura ruwan suga mai kashi 5 cikin 100 a tsakani ya ture su gefe kafin a kunna wuta.

Ga wuraren da zafi ba ya shiga akwai wasu hanyoyi biyu. Akwai daskararwa, inda iskar agon take sanyaya bakin allura har nama ya sauka ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifili. Ana ganin dunƙulen ƙanƙarar a CT ƙarara, amma ba a cika yin ta a hanta ba saboda zubar jini. Akwai kuma wadda ake kira IRE, inda ake kewaye ƙarin da allurai biyu zuwa shida a riƙa sakin wuta mai ƙarfin da ya kai bolt 3,000 cikin ƙiftawar ido, ta huda fatar ƙwayoyin su mutu, ta bar ginshiƙin jijiyoyi da hanyoyin matsarmama a tsaye. Tana bukatar cikakken barci da daidaita wutar da bugun zuciya, tana da tsada, asibitocin da ke yin ta kaɗan ne, kuma hujjarta a wannan cuta ba ta kai ta sauran ba. Idan kin ji ana maganar ƙuna ta cikin bututu da ake zura wa ta baki, wannan na masu dajin ƙofar hanta ne da hanya ta toshe musu, don a buɗe ta. Ba na Baba ba ne.

Yayyenki suna da tambaya mai kyau a ƙarƙashin zarginsu: in dai yanka ne maganin gaske, me ya hana a sake yanka? Gaskiya ne, ga wanda aka gano ciwonsa karon farko kuma ana iya cire shi, tiyata ce gaba, babu wani abileshan da zai maye gurbinta. Dalili ɗaya shi ne likitan tiyata yana cire kaluluwar ƙofar hanta, ana son aƙalla shida, a duba su. Allura ba ta yin haka. Duk wanda ƙarinsa yake yankuwa, jikinsa kuma zai ɗauka, aka ce masa ya zo a ƙone don ya fi sauƙi, ya nemi ra'ayin likita na biyu. Amma halin Baba daban ne. An riga an cire ɓangare guda, abin da ya rage shi ne jarinsa. Ciki da aka taɓa buɗewa yakan manne, aiki na biyu ya fi na farko wuya da zubar jini. Ga shekaru. Sannan ciwon da ya dawo sau ɗaya yana iya sake dawowa a wani lungu, saboda haka hikima ita ce a kashe wannan da mafi ƙarancin asarar hanta, a bar abin da za a yi aiki da shi gobe. Ita ƙuna ana iya maimaita ta.

Hujjar da muke da ita, in faɗa miki yadda take, ba ta kai ƙarfin ta magungunan kemo ba. Babu wani babban gwaji da aka raba marasa wannan cuta gida biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗansu yanka waɗansu ƙuna. Abin da ke akwai rahotanni ne na asibitoci, mafi yawa daga Sin, Koriya ta Kudu da Italiya, da suka waiwayi marasa lafiyarsu. Sun nuna cewa a ƙarin da ya dawo kuma bai wuce sentimita 3 ba, tsawon rayuwar waɗanda aka ƙone wa ya yi kusa da na waɗanda aka sake yanka, kuma matsalolin bayan aiki da kwanakin asibiti sun fi kaɗan. Da ƙari ya wuce 3, yanka yake yin gaba. Abin da ƙuna take yi da kyau shi ne kashe ƙarin da aka sa wa allura. Ba ta hana wani fitowa a wani wuri. Wasu suna samun shekaru babu ciwo, wasu sabo yana fito musu cikin shekara. Duk wanda ya yi muku alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari, ku riƙe aljihunku.

Sharaɗin da ya fi kowane nauyi shi ne a tabbatar ciwon bai fita daga hanta ba. Kafin ku sayi tikiti, a yi CT na ƙirji da ciki gaba ɗaya tare da ruwan hoto, wato ruwan da ake sawa ta jijiya don hoton ya fito sarai, a yi MRI na hanta in da hali, don yana ganin ƙananan da CT ke tsallakewa. Wasu likitocin sukan ƙara da hoton PET, wanda ke neman ciwon a sauran sassan jiki. Idan akwai shi a huhu, ko a kaluluwa, ko a shimfiɗar ciki, ƙone na hanta kaɗai ba zai canza tafiyar ba, maganin da ke bin jini ya zaga jiki duka ne a gaba. Tun 2010, bayan wani gwaji da aka yi a Birtaniya, haɗin magungunan kemo biyu, jemsitabin da sisfilatin, shi ne ginshiƙi. A 2022 da 2023 aka nuna ƙara maganin zaburar da garkuwar jiki, dubalumab ko fembirolizumab, yana ɗan ƙara tsawon rai. Akwai kuma abin da iyalai da yawa ba a gaya musu: wannan nau'in na cikin hanta yakan zo da wasu sauye-sauyen ƙwayar halitta da ke da maganinsu na musamman, irin su FGFR2 da IDH1, kowanne a wajen mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma. Naman da aka cire wa Baba bara yana ajiye a ɗakin gwajin asibitin, a daskare cikin kakin da suke adana shi. Ku tambaya ko an yi masa wannan gwaji. Magungunan suna da tsada ƙwarai, amma sanin yana da amfani ko don tsara gaba. Kuma ko an ƙone ƙarin lafiya, likitan daji ya zauna da ku kan ko za a bi da kemo, musamman tunda dawowar ba ta daɗe ba.

Akwai tambaya guda da nake so ki yi wa likitan da bakinki: a aikin farko, an haɗa hanyar matsarmama kai tsaye da hanji, ko an taɓa sa masa ɗan bututu a cikinta? Idan amsar e ce, ƙwayoyin cutar hanji suna hawa cikin hanta a kullum, kuma mataccen naman da ƙuna ta bari abincinsu ne. Haɗarin ƙurji mai mugunya a hanta yana ƙaruwa sosai ga irin waɗannan, har wasu likitocin sukan canza shawara, wasu kuma su ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi kafin aiki da bayansa. Idan ba a taɓa hanyar ba, manyan matsaloli irin su zubar jini, ƙurji, ko hujewar huhu suna samun mutum ƙalilan ne cikin ɗari, rasa rai kuma bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ki kuma tambaye shi nawa yake yi a shekara, da wace na'ura, kuma zai yi hoto nan take bayan ƙunar don ya auna gefen da ya samu. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Kafin aiki za a duba daskarewar jini, aikin hanta da na ƙoda. Idan Baba yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ku faɗa da wuri, likita ne zai ce ranar da za a dakata. Idan ba a taɓa gwada shi ciwon hanta nau'in B ba, a gwada. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, kuma kemo yana tayar da shi daga barci idan ba a rufe shi da magani irin tenofobir ba. Jiƙe-jiƙen ciwon shawara da ake kawowa daga 'yan uwa, a ajiye su. Hantar da ta rage guda ce, kuma ba mu san abin da ke cikin jarkar ba.

Bayan aiki, kwana biyu zuwa mako guda na ɗan zazzaɓi, kasala, ciwon gefen dama ko na kafaɗa ba abin tsoro ba ne, jiki ne yake fama da naman da ya mutu. Abin da zai sa ku koma asibiti ko da tsakar dare shi ne zazzaɓi mai rawar ɗari, ko wanda ya tafi ya dawo bayan mako guda, ido ya yi rawaya, ciwon ciki mai ƙaruwa, jiri, ko numfashi sama-sama. Ƙurjin hanta yana iya bayyana bayan makonni, lokacin kun riga kun dawo Katsina, sai a ɗauka maleriya ce a yi ta allurai. Duk likitan da ya ga Baba da zazzaɓi a watanni biyun farko, a gaya masa an yi ƙuna a hanta. Kada ku hau jirgi washegari. Ku ba shi kamar mako guda a can, ko yadda likitan ya ce.

Hoton farko ana yin sa bayan kimanin wata guda, CT ko MRI da ruwan hoto, sannan duk wata uku zuwa huɗu a shekara biyun farko, tare da gwajin jini na CA 19-9, wani sinadari da kan hau a jinin masu wannan daji, idan da ma yana hawa a jikinsa. Ana iya yin waɗannan a gida Najeriya a tura wa likitan, amma ku karɓi faifan hoton ba takardar rahoto kaɗai ba, kuma ku taho da faifan da aka yi ranar aikin don a kwatanta. Ki riƙe wannan da kyau: tabon ƙuna dole ya fi ƙarin girma, don da gangan aka haɗa da gefensa. Mai sikanin da bai san tarihin ba zai auna ya rubuta cewa ƙari ya ƙaru daga 2.3 zuwa sama da 4, gida ya rikice. Abin da ake dubawa shi ne ko akwai wani gefe na tabon da yake shan ruwan hoto, alamar akwai nama mai rai, kuma sikanin na yau da kullum ba ya nuna haka. Idan an ga saura a hoton wata ɗaya, yawanci ana komawa a ƙarasa shi da allura a zama na biyu.